Shekara Nawa Yaro Zai Fara Haɗa Baƙi? Tarihin Wata Gardama Tsakanin Gida da Makaranta

Gabatarwa

A wani ƙaramin gari na ƙasar Ingila da ake kira Epworth, cikin farkon ƙarni na 18, an yi wata uwa mai suna Susanna Wesley, matar limamin majami'ar garin, wadda ta ɗauki nauyin karantar da ƴaƴanta da kanta. Ka'idar gidanta ita ce ba a nuna wa yaro harafi sai ya cika shekara 5. Ana gobe zai fara, sai a kintsa gida, a raba wa kowa aikinsa, a yi gargaɗi kada wanda ya shiga ɗakin karatu daga ƙarfe 9 zuwa 12, da kuma daga ƙarfe 2 zuwa 5. Yini guda take ba yaro ya san haruffa duka, manya da ƙanana. A cikin wasiƙar da ta rubuta wa ɗanta John a shekara ta 1732, ta bayyana cewa dukansu sun iya cikin wannan wa'adi, in ban da ƴan mata biyu da suka kai yini ɗaya da rabi. Ta kuma ambaci ɗiyarta Kezzy, wadda aka fi ƙarfinta aka sa ta karatu tun ba ta kai 5 ba. Ita kam shekaru ta kwashe a kan abin da ƴan'uwanta suka ƙare cikin watanni.

Labarin wannan gida ya tattara tambayar da ke gaban duk mahaifin da ke koyar da ɗansa a gida: yaushe ya kamata a fara? Wanda ya kai ɗansa makaranta, doka da kalanda sun riga sun yanke masa shawara. Wanda ya riƙe shi a gida kuwa, alhakin yana wuyansa shi kaɗai. Hausawa na cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, su ne kuma suka ce sauri ya haifi nawa. Masana tarbiyya na Turai da Amurka sun kusa shekara 2000 suna kai da komo tsakanin waɗannan hikimomi biyu, kuma tarihin gardamar tasu ya nuna cewa kowane adadin shekaru da aka taɓa tsayarwa yana da dalilin da ya haife shi, dalilin da sau da yawa ba daga yaron ya fito ba.

Daga haruffan hauren giwa zuwa Émile

Tun zamanin daular Rum ake wannan zance. Wajen shekara ta 95 bayan haihuwar Annabi Isa, malamin balaga Kwintiliyan ya rubuta babban littafinsa na tarbiyyar mai fasahar magana, inda ya kawo ra'ayin magabatan da ke ganin bai dace a koya wa yaro haruffa ba kafin shekara 7. Shi bai yarda da su ba. Hujjarsa ita ce ƙuruciya lokaci ne na ƙarfin hadda, kuma duk ɗan abin da aka samu kafin 7 riba ce. Amma ya gindaya sharaɗi: a mai da karatun wasa, a yaba wa yaro, kada a bari ya ɗanɗani ɗacinsa tun bai san daɗinsa ba, domin ƙiyayyar da ta shiga zuciya da wuri takan bi mutum har girma. Ya amince da al'adar ba yara haruffan da aka sassaƙa da hauren giwa su riƙa juyawa a hannu, ya kuma soki masu sa yaro ya haddace sunayen haruffa a jere tun bai gane siffarsu ba.

Bayan ƙarni 16, likita kuma masanin falsafa John Locke ya maimaita kusan wannan matsayi a Ingila. Littafinsa na 1693 ya samo asali ne daga wasiƙun da ya aika wa abokinsa Edward Clarke a kan tarbiyyar ɗansa, kuma ya fi son a ɗauko malami ya koyar a gida da a kai yaro makarantar kwana. A ganinsa, da zarar yaro ya iya magana, lokacin fara karatu ya yi. Ya ba da shawarar a manna haruffa a jikin ƴan ƙwallayen wasa masu fuskoki da yawa, sa'an nan a ba yaro tatsuniyoyin Aesop masu hotuna. Duk da haka ya ja kunnen iyaye cewa gara yaro ya makara da shekara guda da a tilasta masa har ya tsani ilimi.

Wanda ya juya zancen baki ɗaya shi ne Jean-Jacques Rousseau, a cikin Émile, wanda ya fito a 1762, aka kuma ƙone shi a Paris da Janeba a wannan shekara sabili da abin da ya ƙunsa game da addini. Émile yaro ne na ƙirƙira da malami guda ke reno a ƙauye, nesa da makaranta. Rousseau ya ɗauki karatu a matsayin azabar ƙuruciya, ya yi ba'a ga ƙwallayen Locke da sauran dabarun koyar da haruffa, ya ce abin da ake mantawa shi ne sha'awar koyo. Dabararsa ita ce a riƙa aiko wa Émile ƴan takardun gayyata zuwa cin abinci ko yawon shan iska. Idan bai samu mai karanta masa ba, damar ta wuce shi, har wata rana buƙata ta tura shi ya dage ya gane abin da ke rubuce. Malamin na da yaƙinin yaron zai iya karatu da rubutu kafin shekara 10, sabili da bai damu ba ko da zai kai 15 bai iya ba.

Akwai abin lura a nan. Rousseau da kansa bai yi wannan jinkiri ba. A cikin tarihin rayuwarsa ya ba da labarin yanda shi da mahaifinsa, mai sana'ar agogo a Janeba, suke raba dare suna karanta littattafan hikaya tun yana ɗan shekara 5 ko 6, har ma bai tuna yanda ya koyi karatun ba. Ƴaƴansa biyar kuwa gidan marayu ya kai su. Ke nan ra'ayin jinkiri mafi shahara a tarihin Turai ya fito ne daga alƙalamin mutumin da ya fara da wuri, kuma bai taɓa gwada shi a kan ɗan cikinsa ba.

A ɗaya gefen akwai gidan James Mill a Landan, wanda ya fara koya wa ɗansa John Stuart, haifaffen 1806, harshen Girka yana da shekara 3, Latin kuma yana da 8. Yaron ya zama ɗaya daga manyan masanan ƙarni na 19, amma a 1826, yana ɗan shekara 20, ya faɗa cikin baƙin ciki mai tsanani, wanda shi da kansa ya danganta da tarbiyyar da ta wasa hankali ta bar zuciya ba ban ruwa. Masu son gaggawa sukan kafa hujja da farkon labarinsa, masu son jinkiri kuma da tsakiyarsa.

Yanda hukuma ta tsai da adadi

Ƙasar Suwidin ta ba da misalin da babu kamarsa a tarihin karatun gida. Dokar majami'a ta 1686, zamanin sarki Karl na 11, ta bukaci kowa, namiji da mace, maigida da bara, ya iya karanta littattafan addini da idonsa. Makarantu ba su da yawa a ƙauyuka, don haka nauyin ya faɗa kan iyaye. Limami yakan zagaya gidaje yana jarraba mutane, yana rubuta matsayin kowa a cikin kundi, kuma wanda bai san abin da ake bukata ba yakan samu cikas wajen karɓar jibin majami'a da ɗaurin aure. Masanin tarihi Egil Johansson, wanda ya bi diddigin waɗannan kundaye, ya nuna cewa iya karatu ya game ƙasar tun kafin dokar makarantun gwamnati ta 1842, ko da yake iya rubutu ya daɗe a baya. A wannan tsari, abin da limami ke dubawa shi ne ko yaro ya iya. Ranar da ya fara kuwa sha'anin gida ne.

Da gwamnatoci suka karɓi ragamar ilimi, sai bukata ta sake. Ajin da ke da yara masu yawa da malami guda ba ya tafiya sai an tara sa'o'in juna, an fara rana ɗaya. Dokar Furusiya ta 1763 ta sa farawa a shekara 5. Ingila ma 5 ta ɗauka a dokar 1870, kuma cikin dalilan da aka kawo a lokacin har da son yara su ƙare da wuri su shiga aiki. Dokar Faransa ta 28 ga Maris 1882, wadda ke ɗauke da sunan Jules Ferry, ta wajabta ilimi daga shekara 6 zuwa 13, ta kuma bar wa uba damar ba da shi a gida, bisa sharaɗin a riƙa jarraba yaron. Ƙasashen arewacin Turai irin su Finlan suka tsaya a kan 7. Babu wanda zai ce ƙwaƙwalwar yaron Landan ta riga ta yaron Helsinki nuna da shekara biyu. Bambancin ya fito ne daga tattalin arziki da siyasa da al'adar kowace ƙasa. Amma da aka yi zuriya biyu ko uku ana bin adadin, sai iyaye suka ɗauke shi tamkar halitta, har wanda ke koyarwa a gida ya shiga auna ɗansa da ma'aunin da aka yi domin aji.

Gardamar Amurka a ƙarni na 20

A Amurka ne aka yi ƙoƙarin warware matsalar da awo da lissafi. A 1931 Mabel Morphett da Carleton Washburne suka buga sakamakon binciken da suka yi a makarantun Winnetka, cikin jihar Illinois, inda suka ba da shawarar a dakata har hankalin yaro, bisa awon gwaji, ya kai na ɗan shekara 6 da rabi. A 1937 Arthur Gates ya nuna cewa wannan adadi ya dogara ne ga irin koyarwar: inda malami ya ƙware, kayan aiki suka dace, yara masu ƙarancin shekaru na iyawa, inda koyarwa ta yi rauni, har waɗanda suka fi girma na shan wuya. Duk da haka adadin 6 da rabi ya zauna daram cikin littattafan horon malamai shekaru da dama, har ana gargaɗin iyaye kada su taɓa koya wa yaro harafi a gida, don kada su ɓata wa malami aiki.

Harba tauraron Sputnik da Tarayyar Sobiyat ta yi a 1957 ya tsorata Amurkawa, ya sa iska ta juya wajen gaggawa. A 1964 Glenn Doman ya fitar da littafin da ke koya wa iyaye yanda za su nuna wa jarirai kalmomi a kan manyan katuna. Wannan hanya ta samu kasuwa, ta haifi kaset da faifai iri-iri, amma da Susan Neuman da abokan aikinta suka gwada irin wannan shiri a kan jarirai 117, sakamakon da suka buga a 2014 bai nuna jariran sun koyi karatu ba, ko da yake iyaye da yawa sun yi imanin sun koya.

Binciken da ya fi haskaka sha'anin gida shi ne na Dolores Durkin, wanda ya fito a 1966. A birnin Oakland ta jarraba yara 5,103 da ke shiga ajin farko, ta tarar 49 kaɗai suka zo da karatunsu. Ta bi su shekaru, ta ga farawa da wuri bai cutar da su ba, kuma a jimlace sun riƙe gabansu. Da ta shiga gidajensu, abin da ta fi tararwa shi ne iyaye masu karanta wa yara labari da amsa tambayoyinsu, da yayye masu wasan makaranta da ƙannensu, da yaran da suka fara da zane-zane da son rubuta sunansu. Mafi yawan lokaci yaron ne ya fara tambaya.

Sa'an nan aka sake komawa ga jinkiri, kuma daga nan ne sabon yunƙurin karatun gida na Amurka ya samu ɗaya daga tushensa. A farkon shekarun 1970, lokacin da jihar Kalifoniya ke shawarar rage shekarun shiga makaranta, Raymond Moore da matarsa Dorothy suka fito suka yi adawa. Littafinsu na 1975, wanda sunansa ke nufin gara jinkiri da gaggawa, ya nemi a bar yaro a gida har shekara 8 zuwa 10, yana aikin gida, ana karanta masa, ana hira da shi, har ido da kunne da hankali su nuna. John Holt, tsohon malamin makaranta da ya kafa mujallar iyaye masu koyarwa a gida a 1977, ya wuce nan, yana ganin yaro zai nemi karatu da kansa yanda ya nemi tafiya da magana. Zuwa 1993 koyarwa a gida ta halatta a dukan jihohi 50 na Amurka, kuma tun daga lokacin iyaye suka rabu gida biyu: masu bin tsarin darasi tun shekara 4 ko 5, da masu jira har yaro ya nema. Faransa kuwa wata hanya ta bi: a 2019 ta sauko da shekarun wajabcin ilimi zuwa 3, kuma dokar 24 ga Agusta 2021 ta sa koyarwa a gida sai da izinin hukuma.

Abin da bincike ya ƙara

Abubuwa uku ne binciken baya-bayan nan ya daɗa a kan tsohuwar gardamar. Na farko ya kwantar da hankalin masu jinkiri. Sebastian Suggate da abokan aikinsa sun kwatanta yaran Niyuzilan da suka fara karatu a shekara 5 da waɗanda makarantunsu ke dakatawa har 7. Sakamakon da aka buga a 2013 ya nuna cewa wajen shekara 11 na baya sun kamo na gaba. Sai dai waɗannan yara ba zaman banza suka yi ba a shekarun jira: suna cikin tatsuniya da waƙa da zance mai yalwa, kuma da lokaci ya yi an koyar da su bisa tsari.

Na biyu gargaɗi ne gare su. Magana takan zo wa yaro ba tare da darasi ba, amma rubutu ƙirƙira ce ta ɗan Adam, kuma mafi yawan yara na bukatar a nuna masu a fili yanda kowane harafi ke tsayawa a madadin sauti. A nan kwatancen Holt ya yi rauni. Akwai kuma yaran da ke da matsalar rarrabe sautukan kalma, waɗanda haruffa ke rikice masu ko da basirarsu ta kai. Su jira ba ya warkar da su, taimakon wuri ne ke yi masu amfani. Keith Stanovich ya bayyana a 1986 yanda mai karatu da sauƙi ke ƙara karantawa, kalmominsa na ƙaruwa, mai shan wuya kuwa yana gudun littafi, tazarar na daɗa faɗi. Mahaifin da ya ce zai jira, wajibi ne ya san bambancin yaron da bai nuna sha'awa ba tukuna da wanda ke ƙoƙari yana kasawa.

Na uku ya shafi harshe. A 2003 Philip Seymour da abokan aikinsa suka kwatanta yaran ajin farko a harsunan Turai 13. Inda rubutu ke bin furuci sau da ƙafa, kamar harshen Finlan da Girkanci da Italiyanci, mafi yawan yara sun iya haɗa baƙi kafin ƙarshen shekarar farko. Faransanci ya fi jan lokaci, Ingilishi kuwa ya ninka lokacin fiye da sau biyu. Wannan ya bayyana dalilin da ya sa gardamar ta fi zafi a ƙasashe masu Ingilishi, ya kuma nuna haɗarin kwaso adadinsu a ɗora wa wani harshe. Rubutun Hausa na boko yana kusa da rukunin masu sauƙi, amma ba ya nuna tsawon wasali da karin sauti, don haka sai wanda ya san harshen a baka ke rarrabe garin da ake zama da garin da ake tuƙawa. Yaron da aka fara wa haruffa cikin harshen da bai ji ba tukuna kuwa kaya biyu aka aza masa lokaci guda, kuma ƙarin shekara ko ragin shekara ba ya sauke masa ko ɗaya. Fahimtar haka na cikin abin da ya sa aka buɗe makarantar gwaji ta Hausa da Faransanci a Damagaram a 1973.

Kammalawa

Idan aka jera waɗannan mutane, za a ga saɓaninsu a kan adadi ya fi saɓaninsu a kan aiki yawa. Kwintiliyan da Locke, masu son farawa da wuri, sun hana tilas. Rousseau da iyalin Moore, masu son jinkiri, sun cika shekarun jira da zance da aiki da lura. Susanna Wesley, wadda ta tsai da rana guda, ta riga ta koya wa ƴaƴanta addu'o'i da baki tun suna fara magana, kuma da karatu ya kankama ba ta yarda a katse sa'o'i shida na kowace rana ba. Tana da wata ka'ida kuma da ta cancanci tunawa: ba a koya wa yarinya ɗinki sai ta iya karatu sosai, domin a ganinta gaggauta sa ƴan mata aikin hannu ne ya sa matan zamaninta kaɗan ne ke karatu mai daɗin ji.

Abin da gida ya fi aji da shi shi ne ikon duban yaro guda. Alamomin da tarihi da bincike suka haɗu a kansu ba su da wuyar ganewa: yaro ya iya ba da labari daga farko har ƙarshe, yana jin cewa kaza da kare da sauti ɗaya suka fara, yana tambayar abin da aka rubuta a jikin kwali ko mota, yana iya zama na ɗan lokaci a kan abu guda. Ga mafi yawan yara waɗannan kan bayyana tsakanin shekara 5 da 7. Wanda ya nuna su kafin haka, babu hujjar hana shi. Wanda ya wuce 7 ana koya masa bisa tsari amma sautuka na ci gaba da kuɓuce masa, lokacin neman gwani ya yi, a fara da duba idonsa da kunnensa. Kezzy da aka gaggauta ta yi shekaru a kan aikin watanni, yaran Oakland 49 kuwa da suka nema da kansu sun fara da wuri ba tare da wata illa ba, alhali shekarunsu ba su yi nisa da juna ba.